Zaman Ritaya a Cikin Jirgin Ruwa a Bakin Kogin Yauri: Tambayoyi da Amsoshi

Ni da uwargidana mun ajiye aikin gwamnati bayan mun cika shekarun da doka ta yanka, ni daga koyarwa, ita kuma daga aikin jinya. Tun daga lokacin muka ɗauki al'adar yin wani yanki na kowane rani a cikin jirginmu na katako, a ɗaure a tashar jirage ta bakin Kogin Kwara a Yauri. 'Yan'uwa da tsofaffin abokan aiki da ɗaliban da na koyar suna yawan aiko da tambayoyi, wasu don sha'awa, wasu don tsoron abin da zai same mu, wasu kuma domin suna tunanin gwadawa. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa na amsa su a nan, inda kuma tambaya ta fi shafar Hajiya na bar mata ta amsa da bakinta.

Baba, da gaske a cikin jirgin kuke kwana, ko da yamma kuna komawa gida?

A cikinsa muke kwana, a cikinsa muke cin abinci, a cikinsa kuma muke karɓar baƙi. Irin jirgin katakon nan ne da kafintocin bakin ruwa ke haɗawa domin dakon kaya da fasinja, sai dai mun sa an cire yawancin bencina, an shimfiɗa daɓen katako, an kafa rumfar kwano da aka yi wa rufin tabarma ta ciki saboda zafi. An raba rumfar gida biyu: ɗakin kwana a tsakiya inda jirgi ya fi faɗi kuma ya fi natsuwa, da zaure a wajen goshi inda maza ke zama idan sun zo gaisuwa. Inji da tankin mai suna can baya, nesa da wurin girki. Gidanmu na tudu yana nan, ba mu sayar ba, ba mu ba da shi haya ba, kuma duk wanda ya nemi shawarata abin da nake fara faɗa masa ke nan: jirgi masauki ne na wasu watanni, ba zai maye gurbin gida ba.

Ashe wannan ba al'adar Turawa ba ce kuka ɗauko?

Gaskiya ne a Turai da Amurka abin ya zama ruwan dare. A can akwai tashoshin da aka gina musamman domin jiragen shaƙatawa, masu gadojin katako da ke bisa ruwa suna hawa suna sauka tare da shi, kowane jirgi da gurbinsa, da famfo da lantarki a gefensa, da banɗaki da wurin wanki a tudu, mai jirgi kuma yana biyan haya gwargwadon tsawon jirginsa. A Ingila tsofaffi da dama suna zaune a cikin siraran jiragen da faɗinsu bai kai ƙafa 7 ba, a kan hanyoyin ruwan da aka haƙa tun zamanin dakon kwal, kuma wanda ba shi da gurbi na dindindin ba a yarda ya wuce kwana 14 a wuri ɗaya ba. A Amurka ma'auratan da suka yi ritaya sukan yi wani zagaye da ya kai kimanin mil 6,000 ta koguna da tabkuna da gaɓar teku na gabashin ƙasar. A Najeriya kuwa, a Legas aka fi ganin irin waɗannan tashoshi.

Inda muke ɗaure namu ba haka yake ba. Bakin ruwan Yauri wurin neman abinci ne, kamar tashar mota ranar kasuwa: ana lodin albasa da shinkafa, ana sauke kifi, ana kiran fasinja. Amma kwana a kan ruwa ba baƙon abu ba ne a wannan kogi, domin Sarkawa sun daɗe suna bin kifi da iyalansu daga zango zuwa zango, Gungawa kuma tsibiran kogin ne gidajensu tun kaka da kakanni. Sabon abu kawai shi ne ɗan boko mai fansho ya zo ya zauna ba don neman abinci ba, kuma wannan bambancin ne ya wajabta masa ya san matsayinsa a cikin mutanen da ruwan ke ciyarwa.

Wane lokaci ne na shekara ya dace da wannan zama?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ita ce mutane suka fi tsallakewa suna gaggawar tambayar kuɗin inji. A yankinmu Kogin Kwara yana cika sau biyu a shekara. Cika ta farko ita ce ta farin ruwa, wadda ke zuwa daga wajen Agusta zuwa Oktoba, ruwan daminar ƙasarmu ne da gulabe irin su Gulbin Sakkwato da Gulbin Ka ke zubowa, ɗauke da laka da itatuwa da kainuwa, yana gudu da ƙarfi. Cika ta biyu ita ce ta baƙin ruwa. Shi wannan ruwan sama ne da ya zuba a tsaunukan ƙasar Gini inda kogin ya faro, ya bazu a cikin manyan fadamun ƙasar Mali ya yi watanni a can, lakarsa ta kwanta, sannan ya iso mana garau a wajen Disamba, ya ci gaba har Fabrairu, a lokacin da ko ɗigon ruwan sama babu a nan.

Ga kuma madatsar ruwa ta Kainji da aka kammala a 1968, wadda ta mayar da kogin tabki mai tsawon kimanin kilomita 130 daga madatsar har zuwa kusa da Yauri. Saboda ana sakin ruwan domin samar da lantarki, tabkin yakan hau ya sauka da kimanin mita 10 a shekara, ya cika a tsakiyar hunturu, ya yi ƙasa sosai kafin farin ruwa ya iso. Idan aka haɗa waɗannan duka, lokacin zama shi ne na baƙin ruwa. Mukan shiga bayan farin ruwa ya lafa, mu fita kafin hadarin farko na bazara, domin guguwar watannin Afrilu da Mayu takan taso ba sallama, ta tayar da igiyar ruwan da jirgin katako mai rumfa ba zai iya da ita ba. Hunturu ma yana da nasa sharuɗɗan: hazo yakan rufe ido har mutum bai ga jirgin da ke tafe ba sai ya ji ƙarar injinsa, sanyin asuba a kan ruwa kuma ya fi na tudu shiga ƙashin tsoho, don haka bargo biyu da hular sanyi da safa ba kayan ado ba ne.

Izinin wa ake nema kafin a ɗaure jirgi a zauna?

Ta hukuma biyu ake bi, kuma ba a fifita ɗaya a bar ɗaya. Ta fuskar gwamnati akwai Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, wato NIWA, wadda aka kafa a 1997, hedkwatarta tana Lakwaja, tana kuma da ofishin yanki a Yauri. Ita ke rajistar jirage, ita ke duba lafiyarsu, don haka can za a fara kai takardu. Ta fuskar gargajiya kuwa akwai mai unguwa da sarkin ruwa da shugabannin ƙungiyar masu jirage. Takardar gwamnati ba za ta nuna maka inda kututture yake ba, ba za ta kuma tashi da tsakar dare ta riƙe maka igiya ba. A je musu da goro da ladabi, a faɗi ko su wane ne, da tsawon zaman da ake nufi, a bar su su zaɓi gurbin. Mu an ba mu wuri a gefe, inda ba za mu tare masu lodi ba amma kuma ana jin kiranmu.

Yaya ake ɗaure jirgin da za a yi watanni a cikinsa?

Ba igiya ɗaya ba ce kamar ta mai sauke fasinja. Ana kafa turaku biyu a tudu a ɗaure goshi da igiya biyu a ware, a jefa anga ko babban dutse ta baya domin kada iska ta juya jirgin ta buga shi da gaɓa, a rataya tsofaffin tayoyi a gefuna saboda gogayya da jiragen maƙwabta. Abin da baƙo ba ya lura da shi shi ne bakin ruwan ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kowace yamma matuƙinmu yakan kafa ɗan tsinke daidai inda ruwa ya tsaya, da safe a duba. Idan ruwa yana hawa a sassauta igiya, idan yana janyewa a tura jirgi ciki a matsar da turaku, domin jirgin da ruwa ya janye ya bari a kan laka da kaya a cikinsa yakan murɗe, haɗin katakonsa ya buɗe. Kwarfe ruwan da ya taru a ƙarƙashin daɓe aiki ne na kullum safe da yamma, kuma idan aka ga ya fi na jiya yawa, a kira kafinta a ranar, kada a ce sai gobe.

Ba ku jin tsoro, ganin yawan haɗuran jirage da ake yi a yankin?

Muna jin tsoro, kuma ba na son wanda ba ya jin tsoron ruwa ya hau jirgina. Babu mutumin ƙasar Yauri da ya manta da ranar 26 ga Mayu 2021, lokacin da wani jirgin katako da ya ɗauko mutane sama da 150 tsakanin Jihar Neja da Wara ta Ƙaramar Hukumar Ngaski ya dare ya nutse, 'yan kaɗan ne suka tsira. Allah ya jiƙansu da rahama. Idan aka bi diddigin irin waɗannan haɗura, dalilan sukan maimaita kansu: lodi fiye da kima, tsohon jirgin da aka daɗe ba a gyara ba, tafiyar dare, hadari, rashin rigar kariya, da kututtura. Maganar kututtura tana da asali, domin lokacin da aka tare ruwa a 1968 ba a sare dukkan dajin da tabkin zai cinye ba, itatuwan suna nan tsaye a ƙarƙashin ruwa, kuma idan tabki ya sauka sai kawunansu su matso daf da sama inda ido ba ya gani amma cikin jirgi yana samu. Hukumar raya yankunan da ke samar da lantarki ta ruwa, wato HYPPADEC, ta yi aikin cire wasu, ta kuma raba rigunan kariya, amma tabkin yana da faɗi.

Shi ya sa zamanmu zama ne, ba yawo ba. Mafi yawan kwanakin jirgin yana ɗaure, inji a kashe. Idan za mu fita, da hantsi muke fita mu dawo kafin la'asar, da matuƙi ɗan gari wanda ya san hanyar ruwa, kowa da rigarsa a jiki a ɗaure, ba a ajiye a gefe ba. NIWA ta hana tafiyar dare, mu kuwa ko ba ta hana ba ba za mu yi ba. Duk wanda ya ce mini ya iya iyo don haka ba ya bukatar riga, nakan tambaye shi yaushe rabon da ya yi iyo da babbar riga a jikinsa, a cikin sanyi, yana kuma ƙoƙarin riƙe matarsa.

Hajiya, ke da kanki kika yarda da wannan zama, ko biyayya ce kawai?

Hajiya ce ke amsawa. Mata sun fi yi mini wannan tambaya, kuma ina jin daɗin da suke yi, domin akwai wadda za a kai ta ruwa tana tsoro ta kasa faɗa. Malam bai tilasta mini ba. Na gindaya sharuɗɗa kafin a buga ƙusa ko ɗaya: a yi mini ɗaki mai ƙofa da labule wanda ba mai hango cikinsa daga gaɓa, a kewaye mini wurin wanka da zana a tudu a gidan da muka yi maƙwabtaka da su, kuma duk ranar da na ce na gaji a mayar da ni gida ba tare da doguwar magana ba. Shawarata ga 'yan'uwana mata ita ce a fara da kwana ɗaya ko biyu a gani, domin akwai wadda jiri ke kamawa ko jirgi yana tsaye, akwai kuma wadda ƙuncin wurin zai dame ta. A gida kowa yana da sashensa, a jirgi kuwa miji da mata suna ganin juna daga asuba har dare, kuma ma'auratan da aiki ya raba yininsu shekara da shekaru sai sun sake koyon zama da juna. Mu alheri ya zame mana, amma da haƙuri aka kai ga haka.

Ruwan sha da wanka da bayan gida fa?

Hajiya ce dai. Ba ma shan ruwan kogi komai haskensa. Ruwan burtsatse ake kawo mana a jarkoki, idan kuma ya yanke mukan sa alif a na kogin ya kwanta, mu tace, mu tafasa. Babban abin da nake gargaɗi a kansa shi ne tsargiya, wadda na yi jinyar masu ita da yawa a lokacin aikina. Ƙwayar cutar tana fitowa daga jikin ƙananan dodon koɗi da ke zaune a ruwa marar gudu mai ciyayi, tana shiga ta fatar mutum yana tsaye a ciki, ba sai ya sha ba, daga baya a ga jini a fitsari. Saboda haka ba ma wanka ko wanki a tsaye cikin ruwan gaɓa. Ana ɗebo shi a ajiye a rufe kwana biyu, ko a ɗumama shi sosai, sannan a yi amfani da shi. Maganinta firazikwantal ne, kuma duk wanda ya yi zaman ruwa ya kamata ya je a gwada shi bayan ya fita.

Bayan gida kuwa a masai na tudu ake yi, da dare kuma akwai bokiti mai murfi da ake kaiwa masan da safe. Ba ma zuba ƙazanta ko leda ko baƙin mai a kogi, domin ƙasa da mu kaɗan akwai masu ɗibar ruwan girki, kuma fitsari da bayan gida da ke shiga ruwa su ne ke sa tsargiya ta ƙi ƙarewa.

Mai hawan jini ko ciwon suga zai iya?

Har yanzu Hajiya ce. Zai iya idan ciwon yana kwance kuma likitansa ya amince. A tafi da maganin da zai wuce tsawon zaman, da na'urar awon jini da ta awon suga, mai allurar insulin kuma ya tanadi inda zai ajiye ta da sanyi, ko da a cikin randa ce a naɗe da leda. A kwana a cikin gidan sauro mai magani kowane dare, domin sauron bakin ruwa ba ya hutun rani. Amma abin da na fi jin tsoro ga tsoho shi ne faɗuwa. Katakon da ake takawa a shiga jirgi ya zama mai faɗi, a buga masa ƙananan sanduna a gicciye saboda santsi, a sa abin riƙewa, kuma kada a taka shi da duhu ba fitila, domin karayar ƙugu ga mai shekara 70 ba ƙaramin al'amari ba ne. Akwai babban asibiti a Yauri, manyan lamurra kuma sai Birnin Kebbi ko Sakkwato, don haka a riƙe lambar direban da zai amsa waya ko da tsakar dare. Wanda ke da farfaɗiya ko yawan jiri ko mantuwar tsufa, ban ba shi shawarar zaman ruwa ba.

Yaya kuke sallah? Kuna yin ƙasaru?

Ba ma yin ƙasaru. A mazhabar Malikiyya da muke bi, tafiyar da ake rage sallah a cikinta ita ce ta mil 48, kuma wanda ya yi niyyar zaman kwana 4 a wuri ya fita daga hukuncin matafiyi, mu kuwa watanni muke yi. Ni nakan sauka in bi jam'i a masallacin bakin ruwa, Juma'a kuma a cikin gari. Hajiya takan yi tata a jirgi a tsaye, tunda a ɗaure yake ba ya tangaɗi, ta fuskanci alƙibla wadda daga Yauri take gabas da ɗan karkata zuwa arewa. Wanda sallah ta riske shi jirgi yana tafiya, zai fuskanci alƙibla ya riƙa juyawa idan jirgin ya juya, ya zauna idan tsayuwa za ta kayar da shi. Ruwan kogi mai tsarki ne ko da laka ta sauya masa launi.

Wutar lantarki da girki fa?

Faranti biyu na sola a kan rumfa da batir ɗaya sun ishe mu fitilu da cajin waya da rediyo da ƙaramar fanka. Janareto ba ya hawa jirginmu, gawayi mai ci kuma ba ya shiga ɗakin kwana komai sanyi, domin dukansu suna fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana barci. Tukunyar gas tana waje a ɗaure inda iska ke kaɗawa, ga abin kashe gobara da bokitin yashi kusa da ita, suya da duk wani girki mai yawan wuta kuma a tudu ake yi. Jirgin katako da aka shafe da kwalta, ga fetur a bayansa, ba ya ba da lokaci idan ya kama.

Akwai dorina da kada?

Akwai, dorina ce ma ta fi zama abin lura, domin a ƙasar Yauri takan fito gonakin shinkafa da dare, takan kuma kife kwale-kwale, musamman mai ɗa. Ba ta cika kusantar tasha mai hayaniya ba. Masunta sun san inda take kwana da hanyar da take bi ta hau tudu, kuma idan suka ce kada a bi ta wuri kaza, ba a neman hujja.

Maganar tsaro fa, Alhaji?

Ba zan ɓoye wa kowa ba, yankin ya ga tashin hankali, kuma sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a ranar 17 ga Yuni 2021 yana cikin zukatanmu har yau. Saboda haka ba ma kwana a tsibiri ko a wani lungu mu kaɗai komai kyawun wurin, a cikin jama'a muke ɗaurewa kusa da gari. Kafin mu taso daga gida kowace shekara sai na tuntuɓi mutanen bakin ruwa na ji halin da ake ciki, har da lafiyar hanyar mota, idan suka ce a dakata sai mu dakata. Ba ma ajiye kuɗi masu yawa ko gwal a jirgi, kuma na hana yara sa hotunanmu a Facebook sai bayan mun bar wurin.

Nawa abin yake ci, kuma fansho zai iya ɗauka?

Farashi yana sauyawa da sauri, duk adadin da na rubuta yau zai ɓatar da mai karatu gobe, don haka zan faɗi inda kuɗin ke tafiya. Akwai jirgin kansa, wanda ya fi kyau a saya daga hannun kafintan da za a iya komawa wurinsa, a kuma duba katakon da kyau, maɗaci da kawo sun fi jure ruwa. Akwai inji, wanda sau da yawa yakan fi jirgin tsada. Namu Yamaha ne mai ƙarfin doki 40, mun zaɓe shi ne domin makanikan bakin ruwa sun san shi kuma kayan gyaransa suna samuwa. Akwai rumfa da sola da rigunan kariya. Sannan akwai na kullum: albashin matuƙi, da gyaran shekara, da fetur, wanda tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayu 2023 ya zama abin lissafi, kodayake jirgin da ke ɗaure ba ya shan mai. Albashin matuƙi shi ne wanda ba na yarda a yi tsumulmula a kansa, domin tsoho ba zai ja igiyar inji ba, ba zai kwarfe ruwa da asuba ba.

Gargaɗina shi ne kada kowa ya zuba giratutinsa gaba ɗaya a jirgi. Jirgin katako kullum raguwa yake yi, ba kadara ba ce da za a bar wa magada. Wanda ke tsarin adashen gata da dokar fansho ta 2004 ta kawo, da wanda ke tsohon tsari, kowa ya lissafa abin da ke shigo masa a wata, ya cire na magani da na gida da na zumunci, abin da ya saura shi ne na ruwa. A kuma bar waya a kunne saboda sanarwar tantance 'yan fansho, kada a tsallake sunan mutum yana can bakin kogi.

Kuna kamun kifi da kanku?

Nakan jefa fatsa da yamma don nishaɗi, amma kifin miya saye muke yi, kuma da gangan, domin ciniki yana cikin abin da ke ƙulla mu da maƙwabta. Da sassafe masunta ke dawowa da giwan ruwa da karfasa da tarwaɗa da ragon ruwa da ƙurungu, wani lokaci har da yauni. Baƙo ya kiyaye abu biyu. Kada farfelar injinsa ta yanke wa wani kalli ko mari-mari, wato taru ko igiya mai ƙugiyoyi da masunta ke kafawa a ruwa, idan kuma ta yanke ya nemi mai shi ya biya tun kafin a neme shi. Kada kuma ya sayi kifin da aka kama da guba, ko ya ƙarfafa masu jan dala, tarun nan mai ƙananan idanu da ke kwashe har 'ya'yan kifi, wanda dokokin kamun kifi na jihohin Kebbi da Neja suka hana a tabkin.

Me kuke yi duk yini, ba ku gundura?

Yinin ya fi gajarta fiye da yadda ake zato. Bayan karatun asuba akwai kwarfe ruwa da duba igiya da cefane, da hantsi nakan koya wa wasu yaran masunta karatu da lissafi a zauren jirgi da yardar iyayensu, Hajiya kuma mata ba sa barin ta ta huta da tambayoyin goyon ciki da na yara. Abin da na fi ƙaruwa da shi shi ne hira da dattawan Gungawa. Cikar tabkin ta tayar da mutane sama da 40,000 daga garuruwansu, har da tsohon garin Busa da ruwa ya cinye aka gina sabo, kuma akwai waɗanda har yau za su nuna maka tsakiyar ruwa su ce nan ne gonar albasar mahaifinsu take. Na koyar da labarin Mungo Park da ya mutu a duwatsun Busa a 1806, da na 'yan'uwan nan biyu Richard da John Lander da suka iso Yauri a 1830 suna neman takardunsa, amma a aji labarin Turawan ne kawai ke cikin manhaja, a nan kuwa na ji na mutanen da suka tarar. Idan lokacin bikin Rigata ya zo, da tseren jirage da wasannin ruwa, mukan janye jirginmu inda masu shiri suka nuna mana, mu yi kallo tare da kowa.

Zumunci fa? 'Ya'yanku ba su yi ƙorafi ba?

Sun yi, babban ɗanmu ma ya ce mutane za su ɗauka sun kasa riƙe mu ne. Na fahimci damuwarsa, domin a ƙasarmu dattijo a ƙofar gidansa ake samunsa. Abin da ya kwantar da hankalinsu shi ne ba mu taɓa bari jirgi ya hana mu jana'iza ko ɗaurin aure ko dubiya ba. Da an kira, sai mu bar wa matuƙi amana mu hau mota. Jikoki suna zuwa lokacin hutu, da sharaɗin kowane yaro yana da riga daidai jikinsa tun daga gaɓa, da babba ɗaya da ba shi da wani aiki sai kallonsu, kuma ba sa kwana a jirgi.

Idan kun tashi, ina kuke barin jirgin?

Kafin hadarin farko mukan cire inji, a zubar da sauran man da ke cikinsa, a wanke shi a kai shi gida tare da batir da farantan sola da katifu. Rumfar ma ana sauke kwanonta domin kada guguwa ta samu abin kamawa. Jirgin kansa ba a jawo shi tudu a bar shi a rana, domin katako yakan bushe ya tsage, haɗinsa ya buɗe. A ruwa yake zama a hannun matuƙinmu, a wani lungu da iska ba ta bugawa, yana kwarfe shi yana matsar da turaku yadda ruwa ya sauya, muna biyansa rabin albashi har damina ta wuce. Idan farin ruwa ya fara lafawa sai a jawo shi na 'yan kwanaki, kafinta ya bi haɗin ɗaya bayan ɗaya ya cusa auduga ya shafe da kwalta, a sauya duk katakon da wuƙa ta shige shi da sauƙi, sannan a kira ma'aikatan NIWA su duba kafin mu sa katifa a ciki.